Gangunan Da Suka Riga Mu Fita

Laraba, uku ga wata

Yayata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Yaya ƙafar? Yaya idon, har yanzu hazo-hazo kike gani? Ina gaida Dogo, don na san shi ne riƙe da takardar yana ɗaga miki murya ta kunnen dama. Dogo, ka karanta wa mahaifiyarka a hankali, ban da tsallake layi. Baban 'yan biyu yana gaishe ki, ya ce wai ki daina aiko masa da saƙon ya rage tumbi, ai ba a kanki yake ɗauke da shi ba.

Bayan haka, kin yi ƙorafin wasiƙuna sun koma gaisuwa zalla. Gaskiyarki. Tun da kunnenki ya raba mu da waya, takardar nan ce kaɗai inda nake buɗe cikina. To yau ga labari, sai dai ba mai daɗi ba ne.

Shekara ashirin da shida ina ɗakin gwajin nan na hukumar kula da abinci da magunguna, amma har yau in an tambaye ki aikina cewa kike yi, "Tana haska abu ne." Ba ki yi ƙarya ba. Kin tuna Baba a shagon guga, yadda yake kai dutsen guga kusa da kuncinsa ya san ya yi zafi ba tare da ya taɓa ba? Ina 'yar shekara tara na tambaye shi me ke tasowa daga ƙarfen zuwa fuskarsa, tunda ba hayaƙi, ba harshen wuta. Ya ce in je in tambayi malaman makaranta, shi riguna ne a gabansa. Tambayar nan ce ta kai ni jami'a, ta kai ni ƙasar sanyi shekara biyar, ke kuma kina kan keken ɗinki don kada in dawo hannu rabbana. Haske ne, Yaya, wanda ido ba ya gani, a wurin aiki muna ce masa infirared. Na'urata tana harba shi cikin ɗigon abu, abin ya shanye rabonsa ya bar saura, sai zane ya fito a allo mai tudu da kwari. Kowane abu da nasa zanen. Ko numfashi mutum ya yi kusa da ita sai ya fito, shi ya sa nake korar masu surutu daga ɗakin.

Makon jiya wata likitar yara ta zo da ƙafarta, ba ta bi ta ofis ba, ta fito da kwalbar maganin tari daga jakar hannunta. Yara shida aka kawo mata fitsari ya ɗauke musu, ƙoda ta tsaya. Uku sun rasu. Dukansu wannan maganin suka sha.

Irin maganin nan ana haɗa shi da wani ruwa mai kauri mai zaƙi da ake kira gilisarin, kuma na san zanensa kamar yadda na san fuskarki. Na ɗiga, na duba allo, sai ga wani ƙaramin tudu a kafaɗar babban, inda babu dalilin zamansa. Na goge na sake, har sau bakwai, yana nan daram. An gauraya shi da wani ruwa mai kama da shi, mai zaƙi shi ma, wanda ake zuba wa injuna. Cokali kaɗan ya isa ya kashe ƙodar yaro.

Masu haɗa maganin sun ce a ganguna suke sayen gilisarin ɗin daga hannun wani dillali. Daraktanmu ya sa hannu, ranar Talata mai zuwa da safe za mu dira siton dillalin da ke bayan tashar manyan motoci, mu da 'yan sanda, ba sallama. Ki sa mu a addu'a.

Abu ɗaya ya tsaya mini a rai. Na ajiye kwalbar a kabad tambarinta yana fuskantar bango, da safe na tarar yana fuskantata. Mu biyu ke da makulli, ni da mataimakina, wanda ake kira Malam Shiru saboda sai ya wuni bai ce uffan ba. Na tambaye shi, ya ce lambar da ke jikin kwalbar ya kwafa. Na ce don me? Ya ce don ya sani. Wataƙila ba komai ba ne.

Ki gaida maƙwabta. Direban motar safe zai kawo miki wannan kamar kullum, da maganin ɗigon idonki.

Ƙanwarki mai kewarki,
Tabarau

*

Alhamis, sha ɗaya ga wata

Yayata,

Sallama da gaisuwa irin ta mai begen ganinki. Ina fatan kina lafiya, ke da Dogo da duk mutanen gidan. Na ji an ce kin sake hawa keken ɗinki da idon nan. Don Allah ki bari.

Yaya, mun je, sun riga mu.

Mun isa siton kafin a buɗe shaguna. Mai gadi ya buɗe mana ƙofa yana murmushi kamar baƙin da aka daɗe ana jira. Ganguna ashirin muka tarar a jere, shuɗaye, fes, ko ƙura babu. Na ɗebi kaɗan daga kowace, na dawo na gwada, dukansu lafiyayyu. Amma a can kusurwa na ga abin da 'yan sandan ba su kula da shi ba. An share wurin, an wanke, sai dai tsatsa ba ta fita da tsintsiya. Zagaye goma sha biyu na ƙirga a kan siminti, shaidar inda wasu ganguna suka daɗe a zaune. Simintin ma bai gama bushewa ba. Dillalin ya zo cikin babbar riga yana ce mini "Dokta, Dokta," har da tambayar ko a kawo mini ruwan sanyi. Ban taɓa ganinsa ba, amma ya san ni.

Wani ya gaya musu. Mu uku muka san ranar: ni, Darakta, da Malam Shiru. Direbanmu sai da muka shiga mota ya ji inda za mu, 'yan sandan ma haka.

Tun ranar nake sa wa Malam Shiru ido, kuma abin da nake gani ba ya kwantar mini da hankali. Mutumin da ba ya magana, yanzu sau uku a rana yake fita bayan ɗakin janareto yana waya ƙasa-ƙasa. Da ya hango ni sai ya sa wayar a aljihu. Jiya ya nemi izinin rabin wuni wai zai kai matarsa asibiti, amma da ya dawo takalminsa duk baƙin mai, irin na tashar manyan motoci. Wane asibiti ne ake taka baƙin mai?

Ban so in faɗa ba, amma kin san shekara goma sha ɗaya yana mataimakina. Ni na koya masa yadda ake niƙa abu a matse shi ya zama siririn faifai da haske zai ratsa, ni na kai shi taron masana na farko. Bara da aka ƙara mini shekara uku a kujerar shugabancin ɗakin, kowa ya zo ya taya ni murna, shi kuwa hannu kawai ya ɗaga. Lokacin na ce halinsa ne. Yanzu ina tunanin ko tun ranar yake jiran in faɗi.

Na canza kwaɗon kabad, makullin yana wuyana a zare, har wanka da shi nake shiga. Baban 'yan biyu ya ce in na ci gaba a haka, watarana zan tambaye shi takardar shaida kafin ya shigo falo. Na yi dariya don kada ya ji ba daɗi.

Amma Allah bai bar mu haka ba. Likitar nan ta samo mana wata tsohuwar ma'aikaciyar dillalin, ta ce yana da wani sito na biyu a bayan kasuwar katako, mai koren ƙyaure, kuma can ake kai duk abin da ba a so a gani. Ranar Litinin sha biyar ga wata za mu je. Wannan karon daga ni sai Darakta, ko a takardar ofis ba a rubuta ba. Malam Shiru zai zo aiki ya tarar ba na nan, shi ke nan.

Yaran da suka rage a wurin likitar, ɗaya ta fara fitsari, an ce za ta tashi. Ki gode wa Allah tare da ni.

Taki har kullum,
Tabarau

*

Talata, ashirin da uku ga wata

Yaya,

Ina gaisuwa, ina kuma neman afuwar shirun da na yi. Da fatan jikin da sauƙi. Dogo, sannu da ƙoƙari, Allah ya yi maka albarka yadda kake kula da ita.

Ba mu sami komai ba a sito mai koren ƙyaure. Wannan karon ko wahalar wanke siminti ba su yi ba. Ƙyauren a buɗe, sawun tayar babbar mota a bakin ƙofa, masu katako suka ce ranar Asabar aka yi lodi. Babban ɗan sandan ya dube ni ya ce, "Dokta, anya na'urar taki ba mafarki take yi ba?" A gaban yaransa ya faɗa.

Na dawo ofis na zauna ina tunani. Na tuna ranar Alhamis ɗin da muka tsayar da magana da Darakta, da na fito na tarar da Malam Shiru a baranda yana jiran sa hannu a wata takarda. Tun yaushe yake tsaye? Ƙofar Darakta kuwa ba ta rufuwa sosai. Na zauna na rubuta rahoto shafi uku: kwalbar da aka juya, wayoyin bayan janareto, baƙin mai a takalmi, tsayuwar baranda. Na sa hannu. Ranar Juma'a aka dakatar da shi har a gama bincike.

Ya shigo ɗakin gwaji ya cire farar rigarsa, ya ninke ta, ya ajiye makullansa a kan teburina. Na ɗauka zai yi rantsuwa ko ya yi faɗa. Abin da ya ce kawai, "Dokta, duwatsun shan danshi na cikin na'ura sun fara canza launi, a sauya su kafin Litinin." Ya fita. Na ce a raina, dubi ƙarfin hali, ko musu bai yi ba.

To amma hankalina bai kwanta ba, Yaya, sai ma abin da ya ƙaru. In ba shi ba ne fa? Saura Darakta. Na fara tuna yadda ya yi jinkirin kwana biyu kafin ya sa hannu a fita ta farko, da yadda yake cewa mu bi a hankali, dillalin yana da mutane. Jiya ya kira ni ya tambayi inda nake ajiye sauran maganin kwalbar, na ce masa ya ƙare. Ƙarya na yi, yana cikin jakata a kwalbar turare. Shekara ashirin da shida ban taɓa yi wa shugabana ƙarya a kan aiki ba.

Na daina magana a waya in ba gaisuwa ba. Mai shara in ta shigo sai in tsaya a kanta har ta gama, matar da ta yi mini rainon 'yan biyu suna zazzaɓi. Ranar Lahadi Baban 'yan biyu ya tambaye ni, cikin hira, yaushe za mu sake fita. Na bi shi da kallo har sai da ya ajiye kofinsa ya ce, "Ni ma?" Ya tashi ya shiga ɗaki. Shekara talatin da aure, ban taɓa ganin ransa ya ɓaci haka ba.

Mafi muni, an kawo wa likitar wasu yara daga wata unguwa, kuma wani maganin ne daban, na zazzaɓi, daga wasu masu haɗawa daban. Na gwada, tudun nan ne dai. Ma'ana gangunan da muka kora daga sito suna yawo ana sayar da su da gaggawa. An sa sanarwa a rediyo, amma wa zai bi gida-gida ya duba kan taga da ƙarƙashin gado? Biyu sun rasu a makon nan.

A duniyar nan yanzu ke kaɗai nake iya yi wa magana ban waiwaya ba. Ki yi mini addu'a, kaina ya yi zafi.

Ƙanwarki,
Tabarau

*

Litinin, ashirin da tara ga wata

Yayata,

Ina gaishe ki, ina roƙon Allah ya ba ki juriyar abin da ke cikin takardar nan. Ki zauna kafin a ci gaba.

An kama gangunan. Ba ni na kama su ba, Malam Shiru ne. Ashe lambar da ya kwafa a jikin kwalba bin sawunta yake yi. Ƙanin matarsa makanike ne a tashar manyan motoci, shi yake kira a bayan janareto, can kuma ya taka baƙin mai. Bai gaya mini ba don bai tabbatar ba, kin san shi ba ya faɗin abin da bai auna ba. Ko da aka dakatar da shi bai fasa ba. Ranar Asabar ƙanin matar ya ga ana sauya wa wata babbar mota taya, an lulluɓe kayanta da tamfol, ya kira shi, shi kuma ya kira 'yan sanda kai tsaye. Ganguna bakwai aka samu, biyar sun riga sun shiga gari. Jiya na gwada bakwai ɗin, kusan rabin abin da ke ciki guba ne.

Yau da safe 'yan sanda suka kawo mini takardun da aka samu a motar, don in haɗa lambobin ganguna da nawa. Takardun dakon kaya ne guda uku. Ta farko, an kwashe daga bayan tasha ranar Asabar shida ga wata. Ta biyu, daga kasuwar katako ranar Asabar sha uku. A saman kowace akwai sunan kamfanin sufurin da ya yi dakon, a ƙasa kuma sa hannun jami'in da ya ba da umarnin lodi.

Na san rubutun kafin in karanta sunan. Lambar bakwai ɗin nan mai ɗamara a tsakiya, ni na zo da ita daga ƙasar sanyi, kuma yaro ɗaya na koya wa ita a kan teburin cin abincina.

Wasiƙata ta farko ta isa gidanki ranar huɗu. Ta biyu ranar sha biyu.

Dogo, yanzu da kai nake. Na san kai ne kake karantawa, kuma na san muryarka ta tsaya. Kada ka ninke takardar. Ka ci gaba, ka ɗaga murya ta ji.

Shekara shida ka yi a gidana bayan rasuwar mahaifinka. Ɗaki ɗaya kuka kwana da 'yan biyu, ba wanda ya taɓa sanin ba ni na haife ka ba. Da ka sami aiki a kamfanin sufuri ni na fi kowa rawar kai, ban taɓa tambayar kayan wa kuke ɗauka ba. Na zargi mutumin da ya yi mini biyayya shekara goma sha ɗaya, na zargi shugabana, na zargi mai shara, na dubi mijina da idon da har in mutu zan ji kunyarsa. Kai ko sau ɗaya ba ka zo mini a rai ba. Har albarka na sa maka a wasiƙar da ta wuce.

Da a ce ba ka san abin da ke cikin gangunan ba, da na sami abin riƙewa. Amma da bakinka ka karanta wa uwarka cewa yara uku sun rasu, da bakinka ka karanta cewa cokali kaɗan ya isa. Ka gama, ka fita ka yi waya. Me ka ce musu, Dogo? "Inna Ƙarama za ta zo ranar Talata"? Shi ya sa dillalin ya san ni.

Ba na rubuto don in ba ka dama ba. Na riga na faɗa. Kafin azahar na je wurin babban ɗan sandan, na gaya masa mai sa hannun ɗan yayata ne, na gaya masa kuma ta inda labarin ya fita, cewa ni ce na rubuta rana da wuri da hannuna har sau biyu. Ban san ranar da za su zo ba, ko na sani ma na daina rubuta ranaku. In akwai sauran abin da na koya maka a jikinka, ka je da ƙafarka, ka faɗi inda ganguna biyar ɗin suka tafi. Akwai yaran da ba su sha ba tukuna.

Yaya, ki yafe mini. Ke ba ki san komai ba, an mai da ke hanya ne kamar yadda aka mai da ni. Ban san yadda zan sassauta miki wannan ba.

Ƙanwarki,
Tabarau

*

Asabar, sha takwas ga sabon wata

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina cin abinci, don an ce mini kin rame. Ina gaida matar maƙwabcinki da za ta karanta miki wannan, Allah ya saka mata.

Takardarki ta iso tun makon jiya. Da direba ya miƙo mini na ga rubutunki ne, manyan baƙaƙe a karkace suna hawa kan juna, sai da na nemi wuri na zauna. Rabon da in ga rubutun hannunki shekara uku. An ce kwana biyu kika yi kina rubuta layi takwas ɗin nan a bakin taga. Na kasa amsawa sai yau.

Bari in fara ba ki labari. Dogo ya kai kansa washegari, kin sani. Na gan shi sau ɗaya a wurin 'yan sanda, bai iya ɗaga kai ba. Ya ce tun bara yake sa hannu a dakon gangunan bai san mene ne ba, da ya karanta wasiƙata sai tsoro ya kama shi cewa sunansa ne a takardu, ya gaya wa maigidansa don a rufa asiri, daga nan kuma ya kasa tsayawa. Ya faɗi inda biyar ɗin suke. An samo huɗu a rufe, ta biyar an riga an yi magani da ita, an bi shaguna an kwashe abin da aka samu. Dillalin da maigidan Dogo suna tsare, shari'a sai bayan wata biyu. Daga ranar da muka tarar da simintin nan a jiƙe zuwa yau, yara biyar suka ƙara rasuwa. Likitar ta ba ni sunayensu don ni na roƙa.

Na je gidan Malam Shiru. Ya sa aka kawo mini ruwa, ya saurare ni har na gama. Ya ce, "Na yafe, Dokta. Sai dai 'yata ta dawo daga makaranta tana kuka, an ce mata ubanta ya sayar da yara. Ita ban san me zan ce mata ba." Na roƙa aka kira yarinyar, na gaya mata da bakina cewa ni na yi wa mahaifinta ƙazafi, kuma shi ya kama gangunan. Ta dube ni ba ta ce komai ba. Gado ta yi.

Kwamiti ya zauna a kaina. Ban jira hukuncinsu ba, na ajiye shugabancin ɗakin, na rubuta cewa Malam Shiru ya cancanta. Tun Litinin shi ne a kujerar. Ni ina gefe ina gwajin man girki da sabulu har lokacin ritayata ya yi. Yana gaishe ni da ladabi kamar da, amma in zai kulle kabad sai ya jira na fita. Ban ga laifinsa ba. Baban 'yan biyu kuwa ya huce, shi ya matsa mini in rubuto miki.

Yanzu maganarki. Na ce ba ki san komai ba, kika rubuto cewa kin sani. Kin ce da aka karanta wasiƙa ta biyu kin lura takardar doguwa ce karatun gajere, kuma ya fita bai taɓa abincinsa ba. Kika kai wa matar maƙwabci ta sake karanta miki, kika ji koren ƙyaure da ranar Litinin da ya tsallake, kika gane. Kwana uku ke nan kafin mu fita. Direban motar safe yana wucewa ta ƙofarki kullum. Kalma biyu sun isa, Yaya. Kin ce kin ɗauki biro kin ajiye ya fi sau goma, kin ce shi kaɗai gare ki.

Na yi fushi da ke irin wanda ban san ina da shi ba. Na kwana uku ban taɓa takardar ba. Sai na tuna wa ya rubuta rana da wuri, wa kuma ya kori mutumin da ke bin sawun gangunan ana tsakiyar nema. In za a jera masu laifi a kan yaran nan biyar, ina cikin layin, ba ni da bakin tuhumar wani. Ban ce abin da kika yi daidai ne ba, ba kuma zan taɓa faɗa ba. 'Ya'yan mutane ne, su ma wasu su kaɗai gare su.

Abu ɗaya ya rage da ke cina. Kin ce sai a wasiƙa ta biyu kika gane. Na karanta layin nan har takardar ta fara yagewa a ninki, ina tambayar kaina ko tun ta farko ne. Ba zan tambaye ki ba, ko na zo. Na yarda da abin da kika rubuta, don in ban yarda ba, ba ni da Yaya, kuma na gaji.

An ba mu ranar aikin idonki, bakwai ga watan gobe. Zan zo in ɗauke ki tun ana saura kwana biyu, ki zauna a wurina har ki warke. Ki haɗa kayanki da yawa. Ranar shari'a tare za mu je, ke ki zauna a bayansa, ni kuma za a kira ni shaida.

Allah ya ba mu haƙuri, ya jiƙan yaran.

Ƙanwarki,
Tabarau